Sanarwar da Na Rubuta Ba Ta Kai Ɗakin Gwaggo Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida masu kula da wannan shafi da duk masu karantawa, Allah Ya saka da alheri. Don Allah a ɓoye sunana. Ina kuma roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ba cewa nake ba ni da laifi ba, ina da shi, shi ne ma ya kawo ni nan. Zagin da za a yi mini kuwa, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema.

Ni magidanci ne, haifaffen Tudun Wadan Zariya, a nan nake zaune da matata da 'ya'yanmu uku. Na yi difiloma a aikin jarida, kuma shekara shida ke nan ina aiki a matsayin jami'in hulɗa da jama'a na wani kamfani mai rarraba takin zamani da maganin ƙwari. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutane suna zaton aikina sa babbar riga ne da ɗaukar hoto a wurin taro. A makaranta an koya mana cewa in kamfani yana da magana mu ne bakinsa, in jama'a suna da kuka mu ne kunnensa. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda mutum zai yi ranar da mai biyansa albashi ya ce masa ya yi magana, amma ya tabbatar ba wanda ya ji.

Muna da wani maganin wake da mutane suka daɗe da sani, hoda ce da ake barbaɗawa a buhu don kada ƙwaro ya ci. Bana kamfani ya kawo sabo. Wannan ƙwayoyi ne, da zarar an buɗe su sai su riƙa fitar da iska mai guba, ita ke kashe ƙwaron. Ba a ajiye shi inda mutum yake kwana. Amma aka zuba shi a leda mai launi ɗaya da tsohon, da suna ɗaya, wai kasuwa ta riga ta san sunan, ba za a yi asararsa ba. Gargaɗin yana bayan ledar, da Turanci, rubutu ƙanana da ni kaina sai na matso da shi kusa da ido. To duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san inda tsohuwa take ajiye wakenta. Wane sito gare ta? Bayan gado take jera buhunan, a ɗakin da take kwana, ta rufe ƙofa da taga saboda ɓera da ɓarawo. Ni na san wannan. Don irin wannan sanin aka ɗauke ni aiki.

Madam mai kula da sitonmu ce ta fara gaya mini. 'Yar kudu ce amma a Kwangila nan Zariya ta girma, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta tare ni a bakin ofis ta ce dillalai biyu sun dawo da labarin mutane suna tashi da amai da ciwon kai a gidajen da aka sa sabon maganin. Ta ce, "Malam, kai ne mai magana da mutane. Ka je rediyo tun yau. Abin nan zai kashe wani, ni dai na gaya maka." A ranar na zauna na rubuta sanarwa da Hausa, layi huɗu kawai. Na ce sabon maganin ba irin na da ba ne, iskarsa guba ce, kada a sa shi a ɗakin kwana, wanda ya riga ya sa ya fitar da buhunan yanzu. Na tsara inda za ta bi: gidan rediyo, masu unguwanni, limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, sarkin kasuwa ya gaya wa masu awo. Cikin kwana biyu da babu gidan da ba ta shiga ba.

Na kai wa Manaja. Ya karanta, ya ɗago ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce, "Guba? Da hannunka ka rubuta guba a kan kayana? Na ɗauke ka ka gyara mana suna ne ko ka haƙa mana kabari?" Na ce, "Ranka ya daɗe, masu sayen nan yawancinsu ba sa karanta Turanci, ba su san an canza ba." Ya ce, "To ni na hana su zuwa makaranta? Ka ga sito cike, kaka ta zo, kana so kasuwa ta guje mu? Ka je ka rubuta abin da in hukuma ta tambaya za mu nuna mu ce mun sanar. Ba rediyo, ba masallaci. Kai gwani ne, ka san yadda ake yi." Kuma gaskiya ya faɗa, na san yadda ake yi, shi ne abin kunyar. Na koma tebur na zaɓi kalmomin da ba za su firgita kowa ba. Na rubuta da Turanci cewa kamfani yana tunatar da abokan cinikinsa masu daraja su riƙa amfani da kayansa a inda iska ke wadace. Na sa hoton koriyar gona a sama, na ɗora a shafin kamfani na intanet. Wa ya gani? Mu ma'aikata, da surukin Manaja da ya rubuta Masha Allah a ƙasa. Takardar Hausar na ninke ta na jefa a aljihun tebur.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar da mahaifiyata ta rasu. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida kowace safiya, tun kafin in yi wayo. Da kuɗin ƙosan nan na yi karatun da na yi. Da kaka takan sayi wake da yawa lokacin da yake araha ta adana. Ba ta taɓa gane aikina ba, "bakin kamfani" take kirana, ta ce an biya ni in yi surutun da take dukana a kai ina yaro.

Ranar Juma'ar makon da na rubuta sanarwar na biya in gaishe ta bayan masallaci. Tana tsakar gida da maƙwabta mata huɗu suna tsince wake. Tana ganina ta ce, "Ga bakin kamfani nan. Zo ka yi mini godiya, na sayi maganinku leda biyu, ina taimakonka kada a kore ka." Matan suka yi dariya. Na leƙa ɗakinta, ga buhuna a jere bayan gado, ga ledar a kan taga. Na buɗe baki, sai na dubi matan nan. Na san duk kalmar da ta fita daga bakina a gabansu, kafin la'asar ta zaga Tudun Wada, kafin Litinin ta isa ofis, kuma za a ce daga bakin jami'in kamfani aka ji. Aikina ne sanin yadda magana take tafiya. Sai na ce, "Gwaggo, a riƙa barin taga a buɗe, iska ta riƙa shiga." Ta ce, "Iska da sauro? Kai za ka saya mini maganin zazzaɓi?" Aka sake dariya, har da ni. Kun gani? Abin da na rubuta da Turanci shi na fassara wa matar da ta goya ni. Na ce a raina zan dawo ranar Lahadi ba kowa, in kwashe buhunan da kaina in kai zaure ba tare da dogon bayani ba. Me ya hana ni ja ta gefe a lokacin? Me ya hana ni komawa da yamma, ko ranar Asabar? Ba ni da amsar da zan iya faɗa ba tare da na ji ƙyamar kaina ba. Na ga ta kwana ɗaya lafiya, na ce wani ɗayan ma ba komai.

Ranar Lahadi da safe masu sayen ƙosai suka taru ba ta fito ba. 'Yarta, Yaya Hadiza, wadda muka tashi tare, ita aka kira ta sa aka ɓalle ƙofar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka ce ai dama tana da hawan jini, kuma ga shekaru. Kafin azahar mun kai ta. Buhunan kuwa na kwashe su ranar Lahadin kamar yadda na tsara, bayan mun dawo daga maƙabarta. Mutane suna cewa dubi yaron kirki, ko a ranar makoki yana aiki.

Amma Yaya Hadiza ta ce ta ji wani irin wari a ɗakin da ya sa kanta juyawa, maganar ta fara yawo a unguwa, ta kai ofis. Ranar sadakar uku sai ga Manaja da motoci biyu, da buhunan shinkafa, da mai ɗaukar bidiyo. Ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai, ya ce ma'aikacinsu ɗansu ne, rashina rashinsu ne. Baffa, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya amsa da abin da duk mai makoki yake amsawa. Ya ce, "Mun gode, Alhaji. Allah ne Ya ba mu ita, Shi Ya karɓi abarSa. Kwananta ne ya ƙare, ba mu zargin kowa." Wane dattijo ne zai faɗi wani abu daban a kan tabarmar ta'aziyya, ga baƙi sun zo da alheri? Wannan tawakkali ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ba shaida yake bayarwa a kotu ba. Manaja ya san haka sarai, shi ya sa ya zo da mai bidiyo.

Washegari ya kira ni ofis ya ce, "Ka ji abin da Baffanka ya faɗa. Ka tsara shi da Hausa mai kyau, a sa a rediyo safe da yamma, kwana uku." Rediyo! Yanzu akwai rediyo, yanzu akwai Hausa, yanzu an tuna mutanenmu da kunne suke karɓar labari! Ranar da za a ceci rai aka ce ba rediyo, ranar da za a wanke suna har sau biyu a rana. Na tsaya a gabansa. Kuna tsammanin na jefa masa takardar a fuska? Na rubuta. Wallahi na rubuta. Na ji sanarwar da kunnena a cikin keke a hanyar Hanwa: iyalan marigayiya sun tabbatar ba sa zargin kowa, suna kira ga jama'a su guji jita-jita. Mai keken ya ce, "Ka ji ko, Malam? Mutane da sharri, ashe ƙarya ake wa kamfanin." Na ce ya tsaya in sauka, ban kai inda za ni ba.

Na yi imani da ƙaddara, kada wani ya zo ya karanta mini ita. Na san Gwaggo ba za ta ƙara ko daƙiƙa ɗaya a kan kwananta ba. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya ga rami ya yi shiru. Ina fushi da Manaja, da wanda ya zaɓi launin ledar, da aikin da ake auna gwanintar mutum da yadda ya iya faɗar abu ba tare da ya faɗa ba. Madam ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Matata tana zaton rashin uwa ne ya hana ni cin abinci.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, shekaranjiya Yaya Hadiza ta zo gidana. Ita ta gaji kaskon ƙosan. Ta ciro ledar maganin daga jakarta ta miƙo mini ta ce, "Ƙanena, kai ka yi boko, kuma kayanku ne. Karanta mini abin da aka rubuta a bayan nan. Raina bai kwanta ba, kuma ba wanda zan yarda da shi sai kai." Na ce mata rubutun ya yi ƙanana, ta bar mini zan duba a ofis. Ta ce to, za ta dawo ranar Juma'a. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "In dai ba matsala ka gaya mini da wuri, sabon wake yana ta shigowa kasuwa, ina so in adana kamar yadda Inna take yi."

Maganin yana nan a kasuwa, a leda ɗaya, da suna ɗaya. Takardar Hausar tana nan a aljihun teburina, layi huɗu. In na kai ta gidan rediyo da masu unguwanni da hukuma, aikina ya ƙare, kuma ba kamfanin da zai sake ɗaukar jami'in da ya tona asirin mai gidansa. Wannan ina jin zan iya ɗauka, Allah ke ciyarwa. Abin da na kasa shi ne tambayar da za ta biyo baya, domin Yaya Hadiza ba wawuya ba ce, za ta ce, "Tun yaushe ka sani?" Matan nan huɗu kuma suna raye, sun ji abin da na ce game da taga. Ba zan bari ta sa maganin nan a ɗakinta ba, wannan na yanke. Amma in gaya mata rabi, in ce yanzu na gano? Ita za ta tsira, ni ma in tsira, sauran tsofaffin unguwa fa? Ko in tara ta da Baffa in faɗa musu duka, har da cewa ni na sa maganarsa a rediyo, in rasa gidan da ya raine ni?

Juma'a saura kwana biyu, ledar tana aljihun rigata. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?