Ƙuli-ƙulinki da Ɓeran Najma

Yaya Haulat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, zafi ne dai, shi ma an saba.

Albishirinki! An ɗauke ni daga gadi, yanzu ina raka masu kula da tsuntsayen teku zuwa wani tsibiri. Babu kowa can sai tsuntsaye, suna zuba ƙwai a ƙasa kamar zabi. Ba su san ɓera ba. Idan ya sauka, sai ya bi ƙwai da 'yan tsaki, yadda gafiya ta yi wa kajin Inna. Shi ya sa ake zazzage jakar kowa kafin a hau jirgin ruwa.

Ranar farko na buɗe tawa gaba gaɗi, sai ga ɓeran ɗakinmu na unguwar Najma cikin ƙuli-ƙulin da kika aiko, ya ci ya yi tumbi! Yaya, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Shugabarmu ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, Muttaka, daga yau kai ne mai binciken jaka."

Jiya aka fara ƙyanƙyasa. Na tsaya ina ta tasbihi, har na manta da aman da na sha a jirgi. Wannan kar Inna ta ji.

Don Allah ki ƙaro ƙuli-ƙuli, amma a gwangwani mai murfi.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Muttaka