Na ce wa ƴata ta yi shiru kan tsinken awo

Assalamu alaikum Hajiya Sadiyya. Don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini abin da na rasa yadda zan gyara.

Ni mai gyaran wutar lantarki ne a Matamaye, shekara talatin da ɗoriya ina wannan sana'a. Ƴata Basira tana Faransa, karatun dakta take yi, wato digirin digirgir a kimiyya. Yadda ta fahimtar da ni, masana suna hura wata iska a cikin babbar tukunyar ƙarfe har zafinta ya wuce na rana, suna neman wata rana su samo lantarki daga gare ta. Aikin Basira shi ne tsoma wani ɗan tsinke a gefen iskar, ta karanta wutar da ya ɗebo, daga nan ta gane zafin iskar da kaurinta.

Yarinyar nan a shagona ta tashi. Tun tana ƙarama na hana ta yarda da mitar awon wuta sai ta fara gwada ta a kan sabon pil, wato batir. Har dungure mata kai na sha yi a kan haka, Allah ya yafe mini.

To, bana ya kamata ta gama. Uwarta Balki ta fitar da ankon bikin gama karatun, matan unguwa sun ɗinka, dangi har na Kurni da Tsauni sun karɓi nasu yadin. A majalisa kuwa ba a kirana Sallau, sai Uban Dakta, ni kuma ina ta washe baki.

Kwatsam ta bugo waya. Wai ta zaro tsinken ta duba, ta tarar zafi ya cinye bakinsa ya rage tsawo, alhali shekara biyu tana lissafi da tsawonsa na farko. Kaurin da ta rubuta duk ya karkace. Ba wanda ya lura, har malaminta. In ta faɗa, sai ta ƙara shekara tana sake awo.

Hajiya, anko na tuna. Na ce mata ta rufa mana asiri, ta yi shiru ta karɓo takardarta. Ta ce to Baba, ta kashe waya. Yau sati uku ke nan ba ta kira ba, yarinyar da ko Juma'a ɗaya ba ta tsallakewa. Wallahi kewarta nake, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Amma da wane ido zan kalli mutanen gari?

Mai Gyaran Wuta, Matamaye

Wa alaikumus salam Malam.

Kunyar da kake ji ba wasa ba ce. Duk wanda ya zauna a gari irin namu ya san nauyin ankon da aka riga aka raba, kuma ɗokin ƴarka ne ya sa ka yi saurin shela. Ban ga laifinka a ɗokin ba.

Sai dai ka duba ɗaya gefen. Wasu za su ɗauki lissafin Basira su gina nasu aikin a kai. In daga baya aka gano karkatar, sunanta ne zai zube, ba shekara ɗaya ba. Gano cewa tsinken yana cinyewa ma ci gaba ne a aikin, ƙila malaminta ya yaba mata.

Ka shaida wa Hajiya Balki gaskiya yau, ita ta san yadda za ta sanar da matan unguwa da dangi cewa an ɗaga biki. Yadi ba ya ruɓewa a akwati. Ƴan majalisa za su yi maka tsiya kwana biyu su gaji.

Sannan ka kira Basira da kanka, kada ka jira ta. Shirunta ba raini ba ne. Ta kasa saɓa maka, ta kuma kasa bin maganarka, domin mai gyaran wutar da ya dungure mata kai a kan mita shi ma ubanta ne. Ka ce mata ka janye, ta je ta faɗa wa malaminta. In kalmar haƙuri ta yi maka nauyi a baki, tambaye ta yadda za ta riƙa auna tsinken nan gaba. Za ta gane Babanta ya dawo.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya nuna mana ranar sa ankon.

Hajiya Sadiyya