Ruwan Wanki da Kududdufin Tsiga

Tsiga, tsakiyar rani

Zuwa ga Yayana Ayuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mansura da yara. Yaya kasuwar Funtua? Allah ya ƙara buɗi.

Yaya, buhun garin wanki da ka aiko ya iso, kuma ga shi na mayar maka ta hannun direba. Kada ranka ya ɓaci kafin ka ji dalili.

Ka san duk ruwan wankau ɗina kwata ce ke kai shi kududdufin bayan gidanmu. Bana ruwan ya zama kore shar, gansakuka ta rufe shi, kifaye suka taso da ciki sama, wari har cikin ɗaki. Malam Manu, makiyayin da ke shayar da shanunsa a wurin tun ina amarya, ya yi sallama a ƙofar gida. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi shanu sun ƙi ruwan, sai ya kora su wajen Bakori. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Malamin gona da ya zo duba masarar rani ya karanta bayan ledar garin, ya ce akwai fosfet a ciki, irin abin da ke cikin takin supa. Wato duk shekarun nan taki nake zuba wa gansakuka. Ya ce ba ni kaɗai ba ce, akwai takin gonaki ma, amma nawa shi ne a hannuna. Na koma sayen wanda ba shi da fosfet, kuma ba zan waiwaya ba.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Sa'adatu

Tsiga, bayan Sallah ƙarama

Yaya Ayuba,

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, yaya ƙafar 'yarka Nana Aisha? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da ka ji gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Ruwan burtsatsenmu zartsi ne. Tsohon garin wankin shi ke danne zartsin, sabon kuwa ba ya iyawa. Sabulu ya ƙi kumfa, fararen kaya suka fito toka-toka, da wani farin ɓurɓushi a jiki, sun sandare kamar busasshiyar fata. Cikinsu har da babbar rigar Sallar Alhaji Ɗanasabe mai sayen hatsi. Da kansa ya kawo ta ƙofar gida, ya ɗaga ta a gaban jama'a yana tambaya ko da ƙasa na wanke. Na roƙi ya bar mini ita in sake, ya ƙi. Ya kwashe wankin gidansa duka, wasu ma suka bi shi.

Na yi kuka, Yaya. Amma da na share hawaye ban ga inda na yi kuskure ba sai a rashin sanin ruwana. Ka ce a wasiƙarka na fifita shanun wani a kan tuwon 'ya'yana. Wannan magana ta yi mini zafi. Tun rasuwar babansu wa ya bar su da yunwa? Kuma su ma a bakin kududdufin nan suke wasa.

Na tuna yadda Inna ke jefa kanwa a tukunyar wake idan ruwa ya hana shi nuna. Sai na gwada: na narka kanwa a duro, na bar ruwan ya kwana. Da safe na tarar da farar laka ta kwanta a ƙasa. Na tsiyaye na saman a hankali, na yi wanki da shi, kumfa ta tashi. A ɗauraya na matsa lemun tsami kaɗan, na sake ɗaurayewa. Farkon gwaji kanwar ta yi yawa, hannuwana suka tsattsage, har yanzu man kaɗanya nake shafawa. Amma hijabin 'yata Amina ya fito fes, da laushi.

Aikin ya ninku, na sani. Zan yi shi haka.

Taka,
Sa'adatu

Tsiga, farkon bazara

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya duka.

Yaronka ya zo da a-kori-kura, ya isar da saƙonka: ko in koma amfani da tsohon garin wanki, ko a kwashe durorin da ka saya mini, in tattaro yara in dawo Funtua. Ni na kama masa muka ɗora su. Kayanka ne, ka taimake ni da su lokacin da ba ni da kowa, kuma ban manta ba. Amma ba zan zo in zauna a ɗakin baya ina jiran a miƙo mini kwano ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba: Alhaji bai dawo ba, kududdufi ma bai gama washewa ba, kuma wanki bai kai rabin na da ba. Na haƙa rami a bayan gida inda ruwan ke nutsewa, ba ya ƙara bin kwata.

Bayan motar ta tafi na tsaya tsakar gida ba ni da inda zan kwantar da ruwa ko na wankin gobe. Ban faɗa wa kowa ba. Kafin la'asar sai ga Barakatu, matar Malam Manu, da randa a ka. Bayanta matar liman da tata. Sai Yasmin mai koko, wadda ma ba ma shiri, ta dire tata ta juya ta tafi. Yanzu randuna sun yi layi daga bakin zaure har madafa, sai da na ɗaure akuya waje.

Don haka kada ka gyara mini ɗaki. Idan ka yi kewarmu ka zo ka gan mu, ƙofa a buɗe take. Sai dai ka shigo a hankali, hanyar ta matse.

Ƙanwarka har kullum,
Sa'adatu