Tsuntsun da Na Zana wa Baba

Daren Talata, Nasarawa

Yau na kai wa Baba zanen nan a ƙauyenmu Zauro, kuma da na sani ban kai ba. Kwana biyar ina fama da shi: ɗan tsuntsu mai jan ƙirji a kan reshe, ya buɗe baki yana waƙa. Tun da Inna ta gaya mani a waya cewa shinkafar bana ta tafi, na ce bari in kai mashi abin da zai tuna mashi gobe ma rana ce. Na ɗauka ambaliya ce. Ko tambaya ban yi ba.

Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Ɗiyata, wanga ya ƙoshi, dole ya yi waƙa."

Sai Inna ta ja ni gefe. Ashe tsuntsaye ne, jan-baki, suka sauka a gonar. Sati biyu Baba yana kaɗa gwangwani yana ihu har muryarsa ta dishe, ni kuwa ina gari ina haɗa fenti.

Na koma na miƙa hannu zan ɗauke zanen, Baba ya riƙe. "Bar shi nan. Shi kaɗai ne tsuntsun da bai ci mani komai ba."

Wallahi da ma faɗa ya yi mani.