Bushin na Takwas

Maman yara,

Na fita kina barci. Ki yi haƙuri, laifina ne.

Baƙaƙen abubuwan nan na cikin firiza ba nama ba ne. Bushin ne, robar da ake sa wa ƙafafun mota da aksul ɗin baya. Ba na kamfani ba ne, sun ɗan yi kauri, shi ne bakanike ya ce in sa su a sanyi su tsuke. Ni kuma na zuba su a ledar ƙundun kaji ban gaya miki ba.

Takwas na saka, bakwai na tarar. Sai na tuna jiya Kawu ya daɗe yana fama da ƙundu guda, har ya naɗe shi a takarda ya ce zai ƙarasa da safe.

Ki lallaɓa ki ɗauko kafin ya tashi, in ba haka ba motar da za ta mayar da shi gida ba za ta sauka daga jak ba, ya ƙara mana mako.

Mai sayarwa ya rantse robar ba ta cinyewa. Yanzu na yarda.

Baban yara