Kuburar Baba a Gwanjo

Litinin, 3 ga Maris
An gama addu'ar arba'in ɗin Baba jiya. Ko kwanukan ba a kwashe ba Baffa Vuksan ya ja ni gefe: "Dostana, 'yata, kin san al'ada. Mace ba ta raba gida da ɗan'uwanta." Wato in je wurin lauya in sa hannu na bar wa Radonja gidan ƙauye da gonar inabi. Radonja, ƙanena da ke zaune a Jamus, wanda bai san sunan maganin Baba ko ɗaya ba. Ni kuwa a ba ni kubura, tsohuwar ƙaramar bindigar nan da ke rataye a bango. Wai kakan kakanmu ya ƙwace ta daga hannun wani pasha, babban hafsan Turkawa, a fagen yaƙi. "Ta fi gidan daraja, Yaya," in ji Radonja. To me ya hana ka ɗauka?

Na ce zan yi tunani. Sun sa ranar ashirin ga wata.

Laraba, 5 ga Maris
Ranar da aka haifi Radonja Baba ya harba kuburar sama, duk ƙauye ya ji. Ranar da aka haife ni, in ji Mama, fita ya yi duba awaki.

Asabar, 8 ga Maris
Na kai kuburar birnin Cetinje wurin mai ƙiyasta kayan tarihi, wani dogo mai suna Gavrilo, da safar hannu fara kamar zai yi wa sarki tiyata. Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya yi tsaki.
"Wa ya goge ta?"
Na ce ni. Kafin ni Mama, kafin Mama kakata. Duk shekara kafin bikin waliyyin gidanmu, da toka da tsumma, har sai Baba ya ga fuskarsa a jikin azurfar.
"Baiwar Allah, ai kun cinye ta. Zanen ya shafe, sunan maƙerin ya tafi. Masu saye tsufan suke biya, ba ƙyalli ba."
Na ce pasha fa? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Kowane gida a ƙasar nan, in ji shi, da pashansa. Irin wannan a kasuwar Skadar ake sayar da su, barjat. In na yi sa'a Yuro ɗari huɗu. In buɗe gwanjo da ƙasa da rabin haka don masu tayi su taso.

Shekarun da na yi ina koya wa yaran mutane waƙoƙin jarumai a aji, ashe jaruminmu ciniki ya iya.

Talata, 11 ga Maris
Na kira Radonja na faɗa masa. Sai ya ce: "To da ba ku yi ta gurzar ta ba..." Na kashe waya. Mata uku sun ƙarar da farcensu, kuma laifin namu ne.

Laraba, 12 ga Maris
Na sa ta a shafin gwanjo na intanet. Hoto daga kowane gefe. A wurin bayani na rubuta gaskiya: ta kasuwa ce, ba ta taɓa ganin pasha ba, matan gida kaza sun goge ta har ta lalace. Na sa sunan zuriyarmu cikakke.

Wurin farashin farko na daɗe ina kallon akwatin. Gavrilo ya ce ɗari da hamsin. Na rubuta Yuro ɗaya. Tunda ita ce rabona, bari duniya ta ga abin da aka ƙiyasta ni.

Juma'a, 14 ga Maris
Wani a dangi ya gani. Baffa Vuksan ya kira, numfashinsa na fita da ƙyar. A shagon shayi, wai, ana tambayarsa ko zai ranci Yuro ɗaya ya fanshi kakansa.
"Ki cire, ke! Kin tozarta mu!"
Na ce, "Baffa, ai kai ka ce tawa ce. Ko ita ma al'ada ba ta yarda ba?"
Ya ce karatu ne ya lalata ni. Na ce shi ma ya gwada, bai makara ba.

Asabar, 15 ga Maris
Wani mai gidan giya a Budva ya aiko tambaya: za ta ratayu a saman ƙofar banɗaki? Na amsa masa da ladabi cewa za ta ratayu. Bayan na tura sai na je na kwanta da wuri. Gajiya ce.

Litinin, 17 ga Maris
Akwai wani mai tayi da ba ya bari kowa ya wuce shi. Da mai gidan giya ya ɗaga sai ya ɗaga. Sunan ƙarya ya sa, amma shekarar haihuwarsa na manne a ƙarshe. Radonja bai taɓa iya ɓoye komai ba, ko satar zuma yana yaro.

Talata, 18 ga Maris
An rufe. Radonja ya saye, ninki biyu na ɗari huɗun da Gavrilo ya ce. Ban ji daɗin da na zata ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Yau ce ranar lauya. Ban je ba. Na zauna ina gyaran jarrabawar yara.

Da azahar aka buga ƙofa. Radonja ne, daga filin jirgi, ido jajir. Na miƙa masa kayansa a naɗe cikin tawul. Bai buɗe ba. Ya zauna a kujerar kicin ba tare da na ce ya zauna ba.
"Ba za ki sa hannun ba ko, Yaya?"
"Ba zan sa ba."
"Baffa zai daina gaishe ki."
"Na rage aiki."
Sannan ya ce, a ƙasa-ƙasa, rufin ɓangaren gabas na gidan ƙauye yana yoyo, in zan ɗauka gara na yamma. Na ce ban tambaye shi ba, kuma ni zan zaɓa.

Na zuba masa miyar wake. Ba don komai ba, ta yi yawa ne.