Ledojin da Na Ƙulla Daddawa

Assalamu alaikum Malam Sani, ƙanena. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Hajiya? Mu nan Bunkure lafiya, sai haƙuri.

Bayan sadakar arba'in aka kawo mini kayan yaron nan nawa daga jami'a. Cikin akwatin har da wasu fararen ledoji, kowacce da lamba. Na ɗauka tarkace ne. Na ƙulla irin tumatur a wasu, sauran na raba wa maƙwabta daddawa a ciki.

Shekaranjiya malaminsa ya zo neman su, ya ce aikin da yaron ya yi shekara uku yana yi ne. Wai ana jan ledar, sai a haska mata wata fitila, yadda hasken ya watsu shi ke nuna inda zaren cikinta ya kwanta, zaren da ido ba ya gani. Saura 'yan aune-aune kaɗan a fitar da takardar binciken da sunan yaron.

Na bi gida-gida, huɗu na samo, duk sun yamutse. Malamin ya ɗaga ɗaya a rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ba komai, Inna." Na san lallashina yake.

Ranar jana'iza ban yi kuka ba, kai shaida ne. Shekaranjiya na yi. Sau nawa yaron nan ya zauna zai yi mini bayanin aikinsa, ina ce masa tashi ka ba ni wuri.

Ka sa shi a addu'a, ni ma ka sa ni. Gai da Hajiya da yara.

Yayarka, Tabawa.